Ido a Gwangwanin Madara

A tashar Madarumfa, wani dattijo na riƙe da gwangwanin madara, matar da ke gefensa tana leƙe.

"Baba, gwangwani da ido?"

"Kyamara ce. Ɗiyata Nafisa ta haɗa ta da hannunta, kayan ba su kai kuɗin zakara ba. Kyamarar ke tsaron garkata a bakin tafki."

"Ta kama ɓarawo?"

"Ranar farko, yana cika buhu da albasata."

"Nuna mini in gani!"

"Ko salulata kika ɗauke, ba ki ganin komai. Nafisa ta kulle hotunan, mu biyu kaɗai ke buɗewa."

"To, mene ne amfaninta in ba a tona shi ba?"

"Ai ya daina. Kuma ƙanena... wato mutumin, har yau sahu ɗaya muke sallah."