Abin da Suka Tarar a Akwatin Ɗana

Salamu alaikum mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Maraɗi.

Ɗana Isuhu sabon likita ne, yana ƙarasa koyon aiki ƙarƙashin wani likita Bature. Albashinsa bai kai mu ƙarshen wata, amma kullum dangi daga Tibiri da Jiratawa suna bakin ƙofa, wai ai likita ne. Yakan ba su, shi ya wuni da hura.

Wurin duba majinyata ya ɗauki sanƙarau, Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar bakwai baffanninsa suka fasa akwatinsa a gabana, suka tarar da riga biyu da littattafai. Yanzu suna yawo da ni wai na ɓoye kuɗi. Tir!

Jama'a, in kai su gaban alƙali, ko in bar su da Allah?