Uwar Sukwayar Meto

Mai girma limamin coci Fada Kliment, ranki ya daɗe kansila Doreen Hartigan, shugabannin ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, Uwargida Vesela matar marigayi, 'ya'yanmu Goce da Biljana, jama'ar Port Kembla, sannunmu da wannan babban rashi. Ni ne Ron Pascoe. A kan benci ɗaya muka tsufa da marigayi Metodi Trajkovski, wanda muke kira Meto.

Ya kasance shi ke riƙe mana uwar sukwaya, wato ma'aunin kusurwa wadda da ita ake gwada duk wata sukwaya a shagonmu na fiƙe ƙarfe. A akwatin katako take kwana, naɗe cikin tsumma mai maiƙo, ita kaɗai, ba guduma ba magagari kusa da ita. Wata rana na kai mata hannu ina cikin cin soyayyen kifi da dankali, ya make ni. Ya ce, "Ron, gishirin teku bai ishe ta ba sai ka ƙara mata naka? Tashi ka wanko hannu, ƙazami." Na tafi ina zaginsa a ciki, amma na wanko.

Ya kasance duk Litinin sai mun yi masa layi. Ya jingina sukwayar mutum da uwar, ya duba ta wajen taga. In haske ya ratsa tsakaninsu, taka ta karkace, magana ta ƙare. "Wannan ta faɗi ƙasa." Ka rantse ba ta faɗi ba, ya ce, "To ita ta ce ta faɗi, ku je ku sasanta." Ya kasance har malaman makarantar koyon sana'a da masu gyaran injin jiragen kamun kifi suna kawo masa nasu, bai taɓa korar kowa ba.

Bara idonsa ya fara dushewa. Ya ja ni gefe, ya ce, "Ba na ganin hasken, Ron." Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba. Bai ɓoye ba, bai yi mana cikin duhu ba. Ya kira 'yarsa Biljana daga kan injinta, shi ya riƙe, ita ta duba. Wasunmu sun yi gunaguni, wai mace ce. Ba zan kama suna ba, ga su can suna cin dafaffiyar alkamar sadakarsa.

Goce, ɗana, da kai nake yanzu. Na ji gobe za ka kai uwar sukwayar a sassaƙa sunan babanka a jikinta, a rataye a bangon kulob. Ƙauna ce ta sa ka, mun sani. Amma da bakin ƙarfen sassaƙa ya shige ta, ta karkace ke nan har abada, abin da ya rage kuma iskar teku ta cinye cikin hunturu ɗaya. Daga ranar ba mu da abin gwada komai. In suna kake so a bango, ga tawa sukwayar na zo da ita, tsufa ya zo, na gama aiki. Rubuta sunansa a kanta, ka bar wa ƙanwarka akwatin.

Vesela, makullin akwatin yana hannunki. Tun ranar da ya kwanta ba wanda ya shafa wa uwar sukwayar mai.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah Ya jiƙan Meto, Ya ba shi hutawa. Mu kuma da ya bari ba mai yi mana tsawa, Allah Ya ba mu haƙuri. Amin.