Ranar Gayyar Gonata Babu Wanda Ya Zo

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Sunana Ayuba, daga wani ƙauye kusa da Kunci. A shekarar da hatsi ya yi tsada har muka koma tuwo sau ɗaya a rana, mu matasan coci muna noman gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Da ranar tawa ta zo, na fita da fartanya tun da sassafe. Har rana ta take, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Na je wurin Markus, shugaban matasa. Ya ce, "Ai an yanke ba za a je ba." Na ce, "Wa ya yanke?" Ya ce shi ma ji ya yi. Na tambayi Rahila 'yar mawaƙa, ta ce ita ta ɗauka Markus ne. A coci in na zauna, sai a bar mini benci ni kaɗai. Me na yi? Ban sani ba!

Na daina zuwa sujada. Na koma zaman tashar Ɗambatta da masu shan maganin tari, ina sha don kaina ya yi shiru. Ciyawa ta cinye gerona.

Wata safiya Inna ta same ni ina amai bayan rumbu. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta kama hannuna ta ce, "Yesu, ɗana ya ɓace a gabana, ka nemo mini shi." Na buɗe baki in yi addu'a, abin da ya fito kawai, "Ubangiji, ban gane komai ba." Sai kuka.

Ran Lahadi na miƙe a taron matasa na tambayi dalilin ƙin zuwa gonata a gaban kowa. Ashe na manta, na taɓa ce wa Rahila, "Bana kada ku wahalar da kanku," don ba mu da garin da za a dama wa 'yan gayya kunu. Kunya ce ta hana ni faɗin dalili. Maganar ta bi bakuna har ta zama wai na ce na fi ƙarfin taimakonsu. Ba wanda ya zauna ya yanke komai. Kowa tsoron ya zo shi kaɗai ya yi. Markus ya sunkuyar da kai.

Har yau ina juya abin, bai gama shiga kaina ba. Amma ban sake shan maganin nan ba, kuma da damina ta zagayo, da gonata aka fara. Yabo ga Ubangiji!

Ɗan'uwa, ko ba ka gane abin da ya same ka ba, kai wa Yesu shi haka. Ni ma haka na kai masa, ya karɓa. Amin.