Baba Mani da Tandun Kwallin Suwaibatu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai, malamanmu, tsofaffin sojan da suka zo daga Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, Hajiya Baraka matar marigayi, Almu da Bilki da sauran ɗiya, sannunmu da haƙuri. Yau kwana arba'in da rasa Baba Mani. Ni Sanusi direba aka ce in yi magana a madadin mutanen Yankara. Na zo da niyyar kuka, amma da na tuno shi sai dariya ta riga hawaye.

Ya kasance mai gyaran bindigogi a yaƙin Bama, zamanin Turawa. Ya kasance mutumin da za ka miƙa wa kwanson harsashi, ya juya gindin, ya tofa yawu, ya murje da yatsa, ya faɗa maka bindigar da ta fid da shi da shekarar da aka ƙera shi. Shekarar haihuwar Almu kuwa, sai dai ya ce a tambayi Hajiya. Da katafila ta zo fasa sabuwar hanya, mu muna kallon injin, shi yana bin bayanta a duƙe yana tsince-tsince. Hajiya, ki yafe masa kwanonin jerenki da ya cika da tagulla.

Mun sha yi masa tsiya a kan wannan, har da ni, kafin ranata ta zo.

Shekara biyu bayan yaƙin basasa, aka tare wani falken hatsi da bindiga a hanyar Ruwan Godiya, aka tsinci kwanso ɗaya a wurin. Ni ne sojan da bai daɗe da dawowa ba, sai ido ya komo kaina. Aka bincike gidana, aka sami kwanso shida a kwandon matata Suwaibatu. Kun san hukuncin fashi da makami: a ɗaure mutum jikin durom a harbe. Aka tasa ƙeyata zuwa zauren dagaci.

Sai ga Baba Mani da sandarsa. Ya jera kwanso bakwai ɗin a tabarma, ya ce wa sajen 'yan sanda, "Saje, duba. Wanga na hanya ba shi da leɓe a gindi, na bindigar zamani ne. Waɗanga shida masu leɓe ne, na tsohuwar bindigar nan Makfo, ga lamba nan, ƙirar shekarar arba'in da biyu. Ko da guduma ba su shiga bindiga guda."

Saje ya kife ɗaya, baƙin gari ya zubo. Ya ce, "To wannan albarushin fa?"

Baba Mani ya dangwala, ya rambaɗa a ido, ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi kyau?"

Kwalli ne! A gona Suwaibatu ta tsince su, gindin dutsen da sojan Turawa suka koyi harbi, ta mai da su tandu. Har saje sai da ya riƙe ciki don dariya.

Almu, Bilki, ku dubi yaran can huɗu da ke bayan Suwaibatu. Duk bayan ranar aka haifa mini su; da an harbe ni, da babu su. Wannan aikin ubanku ne, ku yi alfahari da shi. Ga ɗaya daga cikin tandunan a hannuna, na aro shi, Suwaibatu ta ce in mayar kafin la'asar.

Mun gode wa kowa da ya tako. Allah Ya jiƙan Baba Mani. Yadda ya duba da kyau kafin a yanke mini hukunci, Allah Ya dube shi da idon rahama. Amin.