Eriyar Dokta Pindar a Gomari

Mai girma Shugaban Jami'a, Rabaran Thomas, Bulama mai unguwar Gomari, Baba Manasse babban wan marigayi, 'yar'uwarmu Agnes matar marigayi da yara, jama'a, sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri. Ni ne Ajimi, ofishinmu ɗaya da Dokta Pindar Dzarma a sashen injiniyan lantarki.

Ya kasance mutum mai tambaya ɗaya tak: me ya sa murya take ɓacewa a rediyon oba-oba da zarar hadari ya taso? Kun san da damina laka tana rufe hanyar ƙauyukan bakin Tafkin Chadi. Mace na naƙuda, malamin asibiti ya kira Maiduguri a taya shi, ba ya jin komai sai ƙara.

Ya kasance in hadari ya taso kowa na kwashe shanya, shi yana kan tsani yana gyara eriya. Maƙwabcinsa Ba'ana ya taɓa ce masa, "Dokta, ruwan nan kai kake kira ne?" Ya ce, "A'a Alhaji, sauraronsa nake yi." Mun yi masa dariya, ni ne ma kan gaba. Ya kafa eriya a bayan gidansa, ya yi shekara da shekaru yana auna ƙarfin siginar rediyo duk lokacin da aka yi hadari. Ya ce mana daminar bana ce ta ƙarshe a awon nan, da ita zai san irin eriyar da ta dace da asibitocin nan. Bai kai ba.

Ga abin da ya tayar mana da hankali. Awon nan a wuri ɗaya ake yinsa. In an tumɓuke eriyar, sai a koma farko. Tun rasuwarsa Agnes ce take kunna na'urar awon, domin ya koya mata.

Baba Manasse, mun ji dangi sun yanke cewa bayan taron nan za a mayar da Agnes gida Biu, a saki gidan. Ba mu ja da al'ada, ku ne iyaye. Amma na tambaye ta, ta ce, "Malam Ajimi, in Baba ya yarda, zan zauna har kaka." Mu ma roƙonmu ke nan. Tsoro muke ji, Baba, kada mu binne shi sau biyu.

Mun gode muku duka. Allah ya ji ƙansa, ya raya abin da ya bari.

Baba, ga gabas can ta fara haɗa hadari. Agnes tana jiran izininka ta je ta kunna na'urar.