Zannuwan Rumawa

Akuyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota, ita kuwa akuyar har yau ban tabbata ta yafe mini ba. Ku matso, yara, bayana ciwo yake, ba zan ɗaga murya ba.

A Kaduna na kama ɗaki a Unguwar Shanu, wajen wani tsoho mai ƙirga mini butar alwala. Na samu wanki da guga gidan wani Bature. Wai sunan aikin "washiman". Wanki dai wanki ne, ko da wane yare, hannu yake ci.

A falonsa akwai wani ƙaton hoto na zanen hannu. Ƙarti kwance kan gadaje, naɗe da fararen zannuwa, ciki ya cika, ido ya juye. Mata rabin tsirara, giya na malala a ƙasa, wani ya hau gunki yana miƙa masa kofi. Can gefe wasu dattawa biyu sun murtuke fuska.

Na ce, "Masta, su wane ne waɗannan marasa kunya?"

Ya ce, "Rumawa. Duniya suka mallaka, ci da sha ya rusa su."

Ni ba rushewar ta dame ni ba. Zannuwan nake kallo, ina tausayin mai wanke su.

Ana nan ya ce ran Lahadi bayan abincin rana abokansa za su zo, kowa ya naɗa zanen gado su kwaikwayi hoton. Ya ɗora yatsa kan wani baƙin mutum a lungu, ƙirji waje, riƙe da tulun giya.

"Kai ne wannan, Tanko. Bawa."

Kakana da igiya a wuya aka kawo shi garinmu. Babana ya yi shekaru yana noman wani kafin a daina kiransa da wannan suna. Ga kukun gidan ɗan garinmu ne, bakinsa ba ya riƙe magana, in na ɗauki tulun nan sai an ji a gida. Amma na ce, "Yas sa," kamar na yarda.

Ran Asabar na dama sitaci, kaurinsa ya fi na kunu. Na tsoma zannuwan sau uku, na goge. Suka fito kamar kwanon rufi, in ka jingina ɗaya da bango tsayawa yake.

Ran Lahadi ni ina kan mangwaro ina leƙe. Wani mai tumbi ya zo kwanciya, zane ya ƙi lanƙwasa, ya kankare masa hammata. Masta na tafiya ƙaras-ƙaras yana ihu, "Tanko! Tanko!"

Na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Litinin aka sallame ni, babu takardar shaida, kuma babu Baturen da zai ɗauke ka ba ita. Na yi wata biyu ina dako, na gaji, na hau motar gida.

Baba ya dubi hannuwana duk sun tsage. Ya ce, "Me ka kawo?"

Na ce, "Babu." Na ba shi labari.

Can ya ce, "Ka ɗauki tulun?"

"Ban ɗauka ba."

Ya turo mini akushinsa. "Ci, kafin ya huce."