Jiniyar Masana'antar Auduga

A tashar Malumfashi, Awaisu na jiran motar Funtuwa ta cika, kusa da wani dattijo mai ɓurɓushin auduga a gemu. Dattijon ya dubi tambarin jami'ar Zariya da ke jikin jakarsa.

"Samari, karatun me kake yi a Zariya?"

"Digiri na biyu, Baba. Yadda ake tafiyar da masana'anta, injuna da ma'aikata."

"Wato aikin wanda ba ya taɓa sifana."

"Kusan haka. Tsohuwar masana'antar gurzar audugar nan za a farfaɗo, suna so in riƙe ta. Ban dai amsa ba."

"Farfaɗowa? Ai ba ta tsaya ba. Kullum bayan la'asar jiniya na kiranmu."

"Baba, tun ina firamare aka yanke mata wuta."

"Wuta aka yanke. Mu ba wanda ya sallame mu."

"Mutanen gari na jin jiniyar?"

"Sai wanda aka riga aka ɗauka."

Can sai wata doguwar ƙara ta taso daga bayan gari. Awaisu ya waiga. Wani mai rake a gefe na ta kankare rakensa, ko kai bai ɗaga ba.

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Taso, Manaja. Mun daɗe muna jiranka."